Hannu a Ƙarƙashin Geza

Kwana huɗu ke nan marka ba ta ɗaga ba.
Ba ruwan kirki ba, mai zuwa da tsawa
ya wanke kwata ya wuce abinsa.
Yayyafi ne mai naci,
mai bin bashi da ya shimfiɗa tabarma a ƙofar gida.
Daga nan Rafin Guza ina jin kogi yana gunaguni,
ya cika, ya yi ja, yana lasar gindin masara.

Alhaji Barau ya bugo daga Abuja:
"A rufe min dawakina. Dukansu.
Bargunan nan kuɗi na zuba."
Na ce to. Wa ke gardama da mai sayen dusa?
Na kashe waya na tsaya ina duban kayan,
shuɗɗa, masu maɗauri, har yau da warin leda,
an ɗinka su don wata ƙasa
inda ruwa ke kwana a kwano ya tashi dutse.

Nan kuwa Agusta ne.
Gari ba sanyi ba zafi, sai danshi.
Rufe doki a jiƙe, ka dafa shi da ransa:
gumi ta ciki, ruwa ta waje,
kafin mako kirci ya fito a gadon baya,
gashi na ɓamɓarowa kamar ƙanzo.
Bar shi a buɗe, asuba ta kawo iskar kogi,
ka ji tari daga turken ƙarshe,
ka san mai shi tun ba ka kunna tocila ba.

Baba Jatau, da ya koya min riƙon linzami,
Allah ya jiƙansa, bai taɓa shawara da hadari ba.
"Sama ba ta jin sanyi, yaro. Tambayi dokin."
Yakan tura hannu ƙarƙashin geza,
ya kama gindin kunne, ya shafa hammata,
ya yi tsit
kamar mai laluben tasha a tsohuwar rediyo.

Sai na bi turaku ina tambaya.
Akawal, tukunya ce da aka sauke yanzu,
tururi na tashi a kafaɗarsa, ya ture ni da hanci.
Bikili na tauna harawa, ko kallo ban ishe shi ba.
Duƙushi ya yi birgima a taɓo har ido,
wannan duka yake nema, ba mayafi ba.

Saura Kyauta.
Shekara ashirin da biyu, goɗiyar da ta bi ƙwallo
har filin ya gaji da ita.
Kunnenta sanyi ƙalau. Ta matse wutsiya.
Wata 'yar rawa na tashi a cinyarta,
ta kwanta, ta sake tashi.

Tanimu, kawo busasshen buhu da tattaka.
Muka goge ta, wuya, baya, ciki,
muka jira har tafin hannu ya dawo a bushe.
Bargo ɗaya. Sauran biyar suka koma leda.
"In Alhaji ya tambaya fa?"
Ka ce an rufe wadda ta nema.

Ƙarfe biyu ruwa ya ɗauke.
Iska ta tsaya cik, sauro ya samu gari.
Na fita ba takalmi, na zura hannu ƙarƙashin bargon:
ta fara gumi. Na yaye.
Ƙarfe huɗu da 'yan kai kwano ya soma ƙara,
na sake fita, na mayar.
Ta juyo ta dube ni, ban san me ta ce ba.

Bayan sallar asuba na shiga gida,
riga a manne, haƙora na haɗuwa,
ina cewa ba komai, ba komai.
Ladidi ba ta amsa ba.
Ta ajiye ludayin koko,
ta ɗora bayan hannunta a wuyana,
ta yi shiru, tana ji.